Yadda Za Ka Auna Tsadar Data Tsakanin Ƙasa da Ƙasa

Da ƙanena ya dawo hutu daga Indiya, inda yake karatun haɗa magunguna, bai cika kwana uku a Gombe ba sai da ya fara ƙorafi. Muna zaune a ƙofar gida a Jekadafari bayan sallar isha'i, saƙo ya shigo masa cewa datar da ya saya ta sati ta ƙare. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaya, dubi wannan don Allah. A can kullum garin Allah ya waye giga ɗaya da rabi ake zuba mini, a nan kuwa ko motsin kirki ban yi ba an ce ta ƙare." Wani maƙwabcinmu malamin makaranta, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce masa ya bi a hankali, domin shi da idonsa ya karanta cewa Najeriya tana cikin ƙasashen da data ta fi araha a duniya. Aka yi ta musu har mai shayi ya fara tattara kofunansa, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa dai da mudun da ya yi awo da shi.

Wanda yake so ya san ko tsada yake saya ko araha, kuma ya fahimci abin da ya sa giga ɗaya take da farashi iri-iri a duniya alhali abu ɗaya ce, to akwai hanyar da zai bi ya yi awon da kansa, kuma ba ta buƙatar komai sai wayarsa da ɗan lissafi.

Ka fara da gano abin da kake biya na haƙiƙa, domin farashin da ke rubuce a jikin tsari ba shi ne farashin da ke fita daga aljihunka ba. A ranar da ka sayi data ka rubuta kuɗin da ka biya, sannan ka danna *323#, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta sa dukkan kamfanoni su yi amfani da ita wajen duba ragowar data tun 2023, ka ga yadda aka rarraba maka ita. Sau da yawa za ka tarar ba dunƙule take ba: wani kaso na dare ne, wani na manhaja guda ne kawai, wani kuma kyauta ce mai ƙarewa kafin sauran. Mu ɗauki misali da ƙirƙirarrun alƙaluma don lissafin ya fito fili. A ce ka biya naira 3,000 aka ce an ba ka giga 5, wato naira 600 ke nan kowace giga. Idan giga 2 daga ciki ba sa aiki sai tsakar dare, kai kuma mai sammakon fita kasuwa ne da ba ya kaiwa ƙarfe goma sha ɗaya ido biyu, to giga 3 ka saya. Idan wa'adi ya cika da sauran rabin giga kuma ba ka sabunta ba ta tafi, to giga biyu da rabi ka ci, kuma kowace ɗaya ta tsaya maka naira 1,200, ninki biyu na abin da ka zata. Haka za ka yi wa tsarin kowace ƙasa. Na Indiya da ƙanena yake yabo, alal misali, rabon kullum ne, wanda ba ka ci yau ba yawanci ba ya kwana, kuma watansu na data kwana 28 ne, saboda haka sau 13 ake biya a shekara, ba sau 12 ba.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ko da ba ya da daɗin ji. Mai sayen data ta naira ɗari-ɗari a wurin mai POS, kullum ko bayan kwana biyu, shi ne ya fi kowa biyan tsada a kan kowace giga, kamar yadda mai sayen shinkafa gwangwani-gwangwani ya fi mai sayen buhu asara. Jerin farashin ƙasashe da ake yaɗawa a intanet matsakaicin tsare-tsare da dama yake ɗauka, manya da ƙanana, don haka ba ya nuna halin da ɗan acaɓa ko mai tallan goro yake ciki.

Bayan ka samu farashinka na gaskiya, kada ka yi saurin mayar da shi dala, domin a nan ne mafi yawan mutane suke ɓata. Binciken da shafin Cable.co.uk na Ingila ya fitar a 2023 ya nuna cewa giga ɗaya a Isra'ila kimanin santi 2 na dala ce (santi 100 ne dala ɗaya), a Italiya santi 9, a Najeriya ƙasa da santi 40, a Amurka dala 6, a Zimbabuwe kuwa fiye da dala 43. Wannan shi ne irin abin da malamin makarantarmu ya karanta, kuma da shi ya kafa hujja. Amma ka lura da abin da ya faru da naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Gigar naira 500 da ta fi dala ɗaya a da, sai ta koma kusan sulusin dala ba tare da an rage wa kowa ko kwabo ba. Wanda ya kalli jerin daga Landan zai ce data ta yi araha a Najeriya, alhali kuɗinmu ne ya faɗi. Haka ma adadin Zimbabuwe, ƙasar da ta daɗe tana fama da rikicin kuɗi da bambancin canjin hukuma da na bayan fage, bai kamata a haɗiye shi ba tare da tauna ba.

Mudun da ya fi gaskiya shi ne gumi, wato awa nawa mutum zai yi yana aiki kafin ya samu kuɗin giga ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Idan ka raba shi a kan kwana 22 na aiki, awa takwas-takwas, awa ɗaya ba ta cika naira 400 ba. Gigar naira 600 aikin awa ɗaya da rabi ce ke nan, ta naira 1,200 kuwa aikin awa uku. A Amurka mafi ƙarancin lada na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, saboda haka gigarsu ta dala 6, wadda ta ninka tamu wajen sau goma sha biyar a lissafin dala, ba ta kai aikin awa ɗaya ba. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da bunƙasa intanet ma da irin wannan mudu take awo, inda ta ce bai kamata kuɗin ƙaramin tsarin data ya wuce kashi 2 cikin ɗari na matsakaicin abin da mutum yake samu a wata ba. Ga mai albashin 70,000 wannan naira 1,400 ne. Ka auna da abin da kake kashewa a wata, za ka ga inda ka tsaya.

Sai kuma tambayar dalili. Idan ka ɗauki kowace ƙasa kana so ka san abin da ya sa datarta take yadda take, abu na farko da za ka bincika shi ne yawan kamfanonin da ke gasa a cikinta da kuma ko gasar ta gaske ce. A ganina wannan ya fi duk sauran dalilai nauyi, kuma tarihinmu ma shaida ne. Waɗanda suka riƙe waya a 2001, lokacin da MTN da Econet, wanda daga baya ya zama Airtel, suka fara aiki, suna tuna yadda ake cajin kira minti-minti, ko gaisuwa kawai ka yi ka kashe an cire maka kuɗin minti cikakke, kuma ana cewa ba za a iya yin lissafin daƙiƙa ba tukuna. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, nan da nan sauran suka iya.

Abin da ya faru a Indiya ya fi wannan girma. A watan Satumba na 2016 kamfanin Reliance Jio ya shigo kasuwa ya ba mutane data da kira kyauta na tsawon watanni, ya tara masu layi miliyoyi, farashi ya rushe, ƙananan kamfanoni suka mutu ko aka haɗiye su, har Vodafone da Idea suka haɗe a 2018 don su tsira. Arahar da ƙanena yake ci daga wannan yaƙi ta samo asali, sannan ga jama'a fiye da biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu da ake raba musu kuɗin kayan aiki. Da gasar ta lafa kuma kamfanonin suka rage 'yan kaɗan, sai suka fara ƙara farashi, kamar yadda suka yi tare a watan Yuli na 2024. A Faransa shigowar Free Mobile a 2012 ce ta karya farashi, a Italiya kuwa shigowar Iliad a 2018. Kanada ƙasa ce mai arziki, amma manyan kamfanoni uku, Rogers da Bell da Telus, su ne suka riƙe kusan dukkan kasuwar, kuma mutanenta sun daɗe suna kukan tsada. Habasha ta yi shekaru da kamfanin gwamnati guda ɗaya tilo, Ethio Telecom, sai a 2022 Safaricom ya fara aiki a can.

Hanya mai sauƙi ta gwada wannan magana ita ce ka bi kamfani ɗaya zuwa ƙasashe daban-daban. MTN ɗan Afirka ta Kudu ne, amma hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta gano a rahotonta na Disamba 2019 cewa shi da Vodacom suna sayar da data a gida da tsada fiye da yadda suke sayarwa a wasu ƙasashen da suke aiki. Wannan ya biyo bayan koke-koken jama'a da suka yi ƙarfi tun 2016, kuma a 2020 aka sauko da farashin giga ɗaya ta wata daga rand 149 zuwa rand 99. Na'urorin ba su canza ba, matsin lamba ne ya canza. Airtel da muke amfani da shi a nan kuwa tushensa Indiya ne, amma farashinsa na can daban, na nan daban, na Nijar da Chadi ma daban, domin kowace kasuwa da irin abokin hamayyar da yake fuskanta a cikinta.

Bayan gasa sai ka buɗe taswira. Bidiyon da kake kallo a Tumfure ba daga iska yake saukowa ba. Mafi yawansa ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku yake zuwa, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a Legas a 2010, da WACS a 2012, da Equiano na kamfanin Google da ya iso a 2022, daga can kuma wayar fayiba ta ƙarƙashin ƙasa ta ɗauko shi fiye da kilomita dubu kafin ya iso ƙarfen sabis na unguwarku. Waɗanda suka manta da wannan sun tuna a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyi da dama suka lalace a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma har harkar banki ta taɓu. Ƙasar da ba ta da gaɓar teku, kamar Nijar ko Chadi, dole ta biya maƙwabtanta kuɗin ratsa ƙasarsu, kuma wannan kuɗi a kan mai waya yake ƙarewa. Tsibirai masu nisa sun fi kowa shan wuya: Sent Helena, wadda mutanenta ba su kai 5,000 ba, ta yi shekaru tana dogaro da tauraron ɗan Adam kaɗai, shi ya sa ta kasance kusa da Zimbabuwe a ƙarshen jerin nan na 2023. Yawan jama'a a wuri guda ma yana da tasiri, domin ƙarfe ɗaya da aka kafa kusa da babbar kasuwar Gombe dubban mutane ne suke biyan kuɗinsa, wanda aka kafa a wani ƙauye tsakanin Dukku da Nafada kuwa kuɗin kafa shi bai ragu ba, masu biya ne suka ragu.

Daga taswira sai ka dawo bayan gida. Akwai ƙarfen sabis kusa da inda nake zaune, kewaye da waya da ƙofar ƙarfe, kuma duk daren da aka ɗauke wuta ƙarar janaretansa ce take raka mu barci. Lokaci-lokaci mota takan zo da man dizal, maigadi ya buɗe, a zura tiyo a tanki, a rubuta a takarda, a kulle. Wannan ƙaramin abu da ido ya saba da shi kashi ne babba na kuɗin datarka. A Italiya ko Isra'ila ƙarfe irin wannan wutar gari kawai yake sha dare da rana, a nan kuwa sai an tanadi janareta da batura da mai da maigadi, sau da yawa ta hannun kamfanonin da ke ba da hayar ƙarfen irin su IHS. Na'urorin da ke saman ƙarfen kuma na Huawei ne ko Ericsson ko Nokia ko ZTE, da dala ake sayen su, alhali kamfanin naira yake karɓa daga hannunmu. Da naira ta faɗi, aka kuma cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya tashi, kamfanonin suka yi ta kuka har NCC ta amince musu da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba a watan Janairu na 2025. Saboda haka idan kana auna wata ƙasa, ka tambayi yadda wutar lantarkinta take da yadda kuɗinta yake tsayawa a gaban dala. Ba na cewa duk kukan kamfani gaskiya ne, ɗan kasuwa bai taɓa cewa riba ta yi masa yawa ba, amma janaretan nan ina jin ƙararsa da kunnena.

Sai rabon gwamnati, wanda kashi uku ne kuma biyu daga ciki ba a ganin su. Na farko kuɗin lasisin zangon iska, wato irin mitar da gidan rediyo yake kamawa, wadda gwamnati take sayarwa a gwanjo. A 2001 kowane kamfani ya biya dala miliyan 285 kafin ya kafa ƙarfe ko ɗaya, a gwanjon 5G na Disamba 2021 kuwa MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6. Gwamnati takan yi murna da irin wannan kuɗi, amma daga aljihun masu layi ake mayar da shi sannu a hankali. Na biyu haraji a kan datar kanta. A Najeriya harajin VAT kashi 7.5 ne tun 2020. Yuganda ta taɓa sanya harajin shilin 200 a kullum ga mai shiga Facebook ko WhatsApp a 2018, daga baya a 2021 ta maye gurbinsa da harajin kashi 12 a kan data. Na uku kuɗin izinin tona ƙasa don binne fayiba, wanda jihohi suke karɓa. An amince a matakin ƙasa cewa ya zama naira 145 a kowace mita, amma an daɗe wasu jihohi suna karɓar ninkin-ba-ninkin wannan, yayin da Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. Ka ƙara da cewa duk lokacin da katafilar masu aikin hanya ta tsinke wayar da aka binne, gyaran ma wani kuɗi ne, kuma a ranar ne za ka ga mutane sun yi cirko-cirko a gaban mai POS ana cewa babu sabis.

Kada ka rufe lissafinka ba ka sa inganci a ciki ba. Giga mai araha da ba ta buɗe shafi sai ka hau katanga ba ɗaya take da giga mai tsada da ke gudu ba, kuma layin da ya fi ƙarfi a Pantami ba lallai ya kama a Kashere ko Kaltungo ba. Akwai kuma wani abu da ya ruɗe ƙanena: waya mai kama 4G ko 5G da kanta take ɗaga ingancin bidiyo idan ta samu hanya, don haka minti goma na kallo yana iya cin ninkin abin da yake ci a da. Da muka shiga saitin wayarsa wajen da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci, sai muka tarar fiye da rabin datar satin ta tafi ne wajen ɗora hotunan tafiyarsa a ma'ajiyar intanet da sabunta manhajoji, abin da ya saba bari a buɗe saboda a can ba ya jin zafinsa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, Yaya, wannan kam laifina ne." Idan kai ka duba naka ka ga lissafi bai yi daidai ba, ka fara kai ƙara wurin kamfanin ta lambar 300, ka karɓi lambar shaidar ƙorafi, idan ba a warware ba ka kira NCC a 622, kiran kyauta ne.

Wannan awo ya fi amfani ga mai shirin tafiya, ko aikin Hajji da Umara, ko fatauci zuwa Maraɗi ko Garwa ko Jamaina. Layinka na gida idan ya tsallaka iyaka ba da farashin gida yake aiki ba, kuma ba da farashin ƙasar da ka shiga ba, da wani farashi na uku ne da kamfanonin biyu suka shirya a tsakaninsu, wanda yawanci ya fi duka biyun tsada. Kafin ka tashi ka kashe amfani da data a waje a cikin saitin wayar, ka bar layin gida don karɓar saƙon banki kawai. Idan ka sauka ka sayi layin can da fasfo ɗinka, a Saudiyya akwai STC da Mobily da Zain, a Nijar akwai Airtel da Moov da Zamani. Ka tambayi mai sayarwa kwana nawa tsarin yake yi, nawa ne na amfani da komai a ciki kuma nawa ne na manhajojin zumunta kawai, ka raba kuɗin a kan gigar da kake da yaƙinin za ka ci kafin ranar dawowarka, sannan ka biya.